Kawu da Matar Gefen Hoto

Kawu ya rasu da damina, da hantsi, ana yayyafi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar gida ya cika. Ina zaune a bayan Inna, matarsa, ina taya ta karɓar gaisuwa, a nan na ji yadda mutanen Kafanchan ke yabon mamaci da rabin baki. Kowa ya durƙusa sai ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa shiga haƙƙin kowa ba, sai dai. Daga nan sai ya haɗiye sauran maganar, ya saci kallon ɗakin da ke kusa da rijiya. Tabarmi sun cika tsakar gida har bakin madafa, amma ba macen da ta yarda ta shimfiɗa tata a ƙofar ɗakin nan. Da ruwa ya ƙaru, wata tsohuwa ta gwammace ta jiƙe sharkaf da ta raɓa a barandarsa.

Tsoffin abokan aikinsa na jirgin ƙasa ne kaɗai suka yi yabo ba wutsiya. Suka ce duk shekarun da ya yi yana duba tikiti tsakanin nan da Fatakwal, ba a taɓa ganin ya sauke tsohuwa ko mai goyo a daji don rashin tikiti ba. Liman kuwa da ya zo addu'a, sai ya roƙa masa gafarar abin da ya shagala da shi, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi fiye da yadda nake so.

Can sai ga Baba Ticha a kan babur daga Kwoi, wandonsa duk jar laka. Kirista ne, tsohon hedimasta da ya koma noman citta, kuma shi ne aminin Kawu tun suna samari. Ya ce da mu Ubangiji ya ta'azantar da mu, ya gaisa da maza, sannan ya ratsa tsakiyar mata ya tsaya a ƙofar ɗakin da kowa ke gudu. Ya cire hularsa. Ya ce da ƙofar, a hankali, da irin Hausarsa:

"Masu ɗaki, ku yi haƙuri. Maigidanku ya tafi."

Sannan ya dawo ya zauna.

Ranar sadakar uku aka maido da wuta da rana tsaka, bayan an daɗe babu. Ashe Kawu ya bar talabijin a kunne. Sai kawai muka ji huci yana fitowa daga ɗakin da ke kulle, mai ƙarfi, ba ya yankewa. Mata suka watse, wata har da barin takalmi. Yaya, babban ɗan Kawu na wajen matarsa ta fari, ya shiga ya kashe, ya fito yana dariyar da ba ta kai ciki ba. A nan ne Inna, tana cikin mayafin takaba, ta ce ranar bakwai a kwaso kaset-kaset ɗin ɗakin nan a ƙone su, kuma a fara da wancan.

Kowa ya san wanda take nufi. Ni ɗiyar ƙanwar Kawu ce, ba ni da ko allura a gadonsa, balle bakin magana. Uwata ta rasu ban kai yaye ba, ubana ya yi gaba da rayuwarsa, Kawu da Inna suka riƙe ni. Uwata ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, wai ta ce mai hoto kurwar mutum yake ɗauka. Saboda haka na girma, na yi aure, na haihu, ban san kamanninta ba. Wancan kaset ɗin da Inna ke so a fara ƙonawa, shi ne kaɗai inda aka taɓa nuna mini wata fuska aka ce ga uwarki.

Bari in faɗi waye Kawu, tun kafin masu rabin baki su gama da shi.

Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar yana cikin tarago har yanzu, ƙafafu a buɗe. Son kallo ya samo shi tun zamanin majigi, amma cutar ta kama shi sosai ne da bidiyo ya shigo. A Fatakwal ya saba da ma'aikatan jirgin ruwa, su suke kawo masa kaset daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Kuma ba irin finafinan da yara ke turereniya a kai ba, na dambe da rawa. Shi nasa tsofaffi ne, baƙi da fari, inda mutum zai daɗe yana kallon taga bai ce uffan ba. Na taɓa ce masa, Kawu, wannan ai ko tafasar wake ta fi shi sauri. Ya ce to Madam Tela, ki je ki kalli waken. Haka yake kirana tun da na buɗe shagon ɗinki.

Da ya yi ritaya ya sa kafinta ya buga masa kanta daga ƙasa har rufi. Ni na ɗinka masa baƙaƙen labule masu kauri, don da rana yake kallo, bai taɓa yarda kallo ya ci masa isha'i ba. Tun daga labulen nan maƙwabta suka sa wa wurin suna ɗakin dodo. Ya ji, bai damu ba. Shi ma dai yana ba su abin faɗa. Kafin ya danna kaset sai ya yi sallama. In ka yi dariya ya ce ina abin dariya, waɗannan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma ga su nan suna shan shayi, suna faɗa da matansu, ai ko banza ka gaishe su. Ba a cin abinci a ɗakin. Ba a tashi a fita wani yana magana a cikin hoto, sai ya kai aya, don a cewarsa ba tarbiyya ba ne ka bar babba da magana a baki. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar fim, sai ya zauna a cikin duhun nan ya ce to, ku jira mu.

Babban abokin gabarsa fumfuna ce. Wanda bai yi damina a Kafanchan ba bai san ta ba, takalmi ma in ka bar shi a ƙarƙashin gado sai ya yi gemu. Tana shiga kaset ta yi fari-fari a kan zaren, in ka sa shi a haka ka kashe shi. Saboda haka duk damina Kawu na baranda a kan tabarma, da ɗan sukudireba da auduga da kwalbar sifirit, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana juya zaren da yatsa. Ya jera gawayi a kowane saƙo na kantar don ya sha damshi. Inna takan ce da ana ba miji lada a kan jinyar roba, da nata ya fi kowa.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne, fim ɗaya sai ya tara shi kala-kala. Ka ce Kawu ai kana da wannan, ya ce wannan na Jos ne, an yanke masa wurin da uwar ke wanke gawa. Wancan na Fatakwal ya cika, amma ya yi duhu, dare da rana duk ɗaya. Na ukun kuwa rubutun fassarar da ke ƙasa da Larabci ne, ya rufe hannayen mutane, shi kuwa a fim ɗin nan hannaye ne ke magana. Wannan zancen ba mai jure masa shi sai Baba Ticha. Duk Asabar yana tafe. Shi ke karanta rubutun Turanci yana juya wa Kawu da Hausa, kuma a bakin Baba Ticha kowace mace shi ce, kowane namiji ma shi ne, sai Kawu ya tsayar da shi ya ce don Allah wa ya mutu, mijin ko matar. Su yi ta yi har shayi ya huce.

Shekarar da gari ya hargitse, Baba Ticha bai koma Kwoi ba tukuna, yana gidan malamai da iyalinsa. Ba zan tona wannan ciwon ba, kowane gida a garin nan da tabonsa. Abin da na gani da idona shi ne, da rana ta take Kawu ya shigo da su ta ƙofar baya, mata da yara har da jika a goye, ya zuba su a ɗakin dodo ya saki labule. Ana jin gudu da ihu a layi, hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yaran suka fara kuka, kuka kuwa ranar nan ba abin wasa ba ne. Allah ya sa akwai wuta. Kawu ya zaro wani tsohon fim na zamanin da ba a iya ɗaukar murya ba, wani ɗan fenti da tsaninsa yana ta zubar da jama'a. Ya ce da yaran wasan shi ne, mutanen ciki ba sa magana, mu ma ba ma yi, wanda ya yi dariya da sauti ya faɗi. Har yau ina ganin su, sun toshe baki da hannu biyu, kafaɗu suna rawa, hasken talabijin yana wasa a fuskokinsu, ba ka jin komai. Matar Baba Ticha tana addu'a da yarensu a cikin mayafi, Inna tana jan carbi a gefenta. Ban taɓa ganin dariya mai ban tsoro irin wannan ba.

Duk da haka sai da suka ɓata, kuma a kan abin da ni na ɗauka shirme ne. Wani fim ne Kawu ke da shi iri biyu, ɗaya da yaren masu shi, ɗaya an cire muryoyinsu an ɗora na Turawa. Baba Ticha ya ce na Turancin ya fi, mutum ya huta da karatu. Kawu ya ce wannan cin amana ne, an buɗe bakin matacce an sa masa harshen aro. Baba Ticha ya ce to kai da ba ka jin ko ɗaya, ina ruwanka. Kawu ya tashi ya ɗage labule, alamar an tashi ke nan. Har aka haƙe citta aka shanya ba su gaisa ba. Inna ta ce oho, ta huta da dafa shayi.

Baba Ticha ne ya fara saukowa. Wani Fada Bature na coci da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwali guda na kaset, sai ya zaɓo wanda ya san Kawu ba zai iya juya masa baya ba. Fim ne na wata ƙasa a hayin teku, inda akwai baƙar fata da yawa, labarin wani kafinta da ya dage sai ya sassaƙa kwale-kwale a garin da ba kogi. Kawu yana da shi har iri biyu, ya haddace shi. Amma da aka sa wannan, sai hoton ya fito siriri a tsakiya, baƙin shafi a sama, baƙin shafi a ƙasa. Yaya ya ce talabijin ta lalace, har ya fara neman kwalinta a kai wa mai gyara. Kawu ya hana. Ya matsa kusa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ba lalacewa ba ce. Allon silima faffaɗa ne, talabijin kuwa kusan murabba'i ce, to masu yin kaset sai su datse hagu su datse dama don hoto ya cika gilashi. Wannan ne ba a datse ba. Ya ce ashe duk shekarun nan ana yanke mana mutane ba mu sani ba. Daga ranar ya samu sabuwar magana, in an yi zancen rabon taki ko ɗaukar aiki sai ya ce ai mutumin gefe shi ake fara yankewa.

Washegari ya aiko a kira ni daga shago. An ɗauke ruwa ke nan, gari ya yi lumshi. Na same shi shi kaɗai a ɗakin, bai tsokane ni ba, bai ce Madam Tela ba. Ya ce in zauna in kalli hannun hagu, can ƙarshe. Aka zo wurin da aka ɗauko kwale-kwalen ana ratsa kasuwa da shi, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Na sha ganin wurin nan a sauran kaset ɗin. Amma yanzu, a bakin hoton, inda da babu komai, ga wata mace tsaye da kwano a kwankwaso, ɗankwalinta ya zame baya. Kowa yana kallon kwale-kwale. Ita sai ta juyo a hankali ta kalle mu. Ba murmushi, ba fushi, kallon wanda ya ji an kira sunansa daga nesa. Numfashi biyu ko uku, hoto ya wuce.

Kawu ya ce, "Ga uwarki nan."

Na ce Kawu wace irin magana ce wannan. Ya ce ya sani sarai ba ita ba ce, uwata ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba balle hayin teku. Amma in ina son in san yadda Allah ya yi ta, to ga shi, goshin, wuyan, har yadda take juyowa. Ya mayar da zaren baya, ya tsayar da hoton a kanta. Hoton yana ɗan karkarwa, sai ka ce tana numfashi. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa ba. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma na yi kuka irin na yaron da aka manta a kasuwa.

Inna ba ta san uwata ba, bayan rasuwarta aka auro ta. Da aka gaya mata, ta ce a sa mata tsohon kaset ɗin. Aka sa, ba mace. Aka sa ɗayan, ba mace. Aka sa sabon, ga ta. Inna ta ce fim ɗaya, kasuwa ɗaya, mutane ɗaya, a biyu babu ita, a na uku ta zo ta tsaya tana kallon cikin gidana, kuma ku ce mini datsewa ce. Kawu ya ɗauko kwali ya rufe gefen gilashin don ya nuna mata yadda abin yake. Ta ce ya cire, kada ya toshe mata numfashi ta huce a kanmu. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara taka ɗakin ba, shara ma sai dai ta miƙa tsintsiya.

Da farko kullum ina can. In na rufe shago da la'asar sai in biya, a tsayar mini da ita in yi ta kallo. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, ni tawa uwar ɗakin a cikin gilashi take. Sai wata rana wani farin layi ya gilma ta kan kafaɗarta. Kawu ya kashe bidiyon nan take. Ya ce duk lokacin da aka tsayar da hoto, kan na'urar yana ta gurzar wuri ɗaya, kuma duk mayarwa baya tana cin zaren. Kallon da muke yi mata shi ke cinye ta. Ya kafa doka: sau ɗaya a shekara, bayan babbar salla, ba tsayarwa, ba mayarwa. Ya naɗe kaset ɗin a farin ƙyalle ya sa a gwangwanin biskit da gawayi.

Na ce to a kwafa. Ya yarda sau ɗaya, muka kai wa mai kwafar kaset a bakin kasuwa. Kwafin ya fito, kwale-kwale ga shi, jama'a ga su, ita kuwa da yake ƙarama ce a gefe, fuskar ta dame ta zama dunƙulen toka. Na kawo mai hoto har ɗakin da kyamararsa. Da ya wanko, kowane hoto da baƙin shafi a gicciye, kuma a kan fuskarta ya sauka. Kawu ya yi ta bayani cewa talabijin layi-layi take zana hoto, kyamara ta fi ta sauri, shi ya sa. Wa ya saurare shi? Mai hoton ya riga ya baza a gari cewa matar da ta ƙi hoto tana raye ta ƙi shi tana mace. Ni kaina da nake cika baki cewa ban yarda da camfi ba, da na riƙe hotunan nan sai da tsigar jikina ta tashi.

Dokar shekara-shekara ta ci mini rai ƙwarai. Wata rana ɗana ya kwanta asibiti, hankalina ya tashi, na zo na roƙe shi ya sa mini ko sau ɗaya. Ya ƙi. Na ce abin da ban taɓa ce masa ba, na ce wannan rowa ce, Kawu, uwata ce fa. Ya dube ni ya ce, "Ƙanwata ce kafin ta zama uwarki." Na fita ban yi sallama ba. Na ɗauke ƙafa, shi ma ya share ni. Sai ga shi wata safiya a shagona da tsohuwar riga, wai aljihu ya yage, alhali da gani da hannu aka farke shi. Ya zauna a benci ina ɗinki yana ba ni labarin yadda uwata ke satar masa rake tana yarinya. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, kuma dokar ba ta canja ba.

Haka muka yi ta yi. Duk shekara bayan salla in yi wanka in sa sabon zane, in je in gaishe ta. In na lissafa ganin da na yi mata tun bayan dokar, bai cika yatsun hannuwana ba. Daga baya aka mayar da maigidana Gwantu da aiki, zuwana ya ragu. A shekararsa ta ƙarshe yanar ido ta rufe wa Kawu gani, ƙafa ta kumbura, ya daina fita. Da na zo bayan salla ya ce in bari sai ya ji sauƙi. Ban matsa ba. Sauƙin da bai zo ba ke nan.

Ranar bakwai, bayan an raba gumba da waina, aka zauna maganar ɗakin. Liman, Allah ya saka masa, ya ce dukiyar magada ba a cinna mata wuta. Yaya ya ce Baba Ticha ya ɗebi abin da babur ɗinsa zai iya ɗauka, sauran wani mai ɗaukar bidiyon biki zai kwashe ya ɗora bukukuwa a kansu.  Amma a kan wancan Inna ta kafe. Na bi ta ɗaki na durƙusa, na ce Inna ke kika goye ni, ban taɓa roƙon ki abin da ya fi wannan ba.  Ta ce in je in kalla sau ɗaya, in ya so in zo mu yi magana.

Da la'asar muka shiga, ni da Baba Ticha. Ɗakin yana warin sifirit da gawayi da man zafin da Kawu ke shafawa. Na saki labulen da na ɗinka, na kwance farin ƙyallen. Baba Ticha ya sa kaset ɗin, muka bar shi ya tafi da kansa tun daga farko. Kafinta ya sare itace, mutanen gari suka yi masa dariya, ya gama, aka ɗauko kwale-kwale. Ana shiga kasuwa sai sauti ya fara ja, muryoyin suka yi kauri kamar daga cikin rijiya. Fararen layuka suka taso daga ƙasa, suka yi yawa, suka haɗe. Na matsa har gwiwata ta taɓa teburin. A hannun hagu na ga gefen kwano, na ga ƙafafu biyu a tsaye. Daga ƙirji zuwa sama babu komai sai farin yayyafi yana tafasa. Na ga alamar ta juyo, don kwanon ya motsa. Sannan hoto ya washe tas, kasuwa ta wuce, fim ya ci gaba lafiya lau.

Muryar Inna na ji a bayana. Tana bakin ƙofa, ta juya wa talabijin baya. Ta ce tun da idon Kawu ya fara rufewa, kullum in akwai wuta yana nan, hancinsa kusan a jikin gilashi. Wuri ɗaya yake sawa, ya mayar, ya sa, ya mayar. Tana madafa tana jin hayaniyar kasuwar nan tana maimaita kanta har ta haddace ta, wani lokaci kuma ta ji yana kiran sunan ƙanwarsa, sunan yarinta, yana cewa ta ɗan tsaya. Ta ce ta so ta gaya mini, ya hana ta.

Wallahi haushi ne ya fara zuwa mini kafin tausayi. Mutumin da ya hana ni ranar da ɗana ke kwance, ya zauna shi kaɗai ya cinye ta tas, ko ɓurɓushi bai rage mini ba. Da yana raye da mun yi ta. Na juya ga Baba Ticha, don shi kaɗai ya rage a duniya wanda ya san uwata, tun tana kai wa yayanta abinci tasha. Na ce Baba, tunda babu hoton, kai ka gaya mini. Haka take? Goshin, wuyan?

Ya murza hularsa. Ya ce, "Yarinyana, ni ban ga kama ba. Tun ranar farko ban gani ba."

Ya ce ya gaya wa Kawu haka tun a lokacin, su biyu. Kawu ya ce masa shi ma ba zai rantse ba. Fuskar ƙanwarsa ta daɗe da ɓace masa, yakan kwanta ya neme ta ya rasa, bai taɓa gaya wa kowa ba don kunya. Amma da matar nan ta juyo, cikinsa ya amsa, kuma ga yarinya ta girma ba ta da abin tunawa. Na ce to kai Baba, yaya take? Ya rufe ido ya yi ƙoƙari, ina kallon sa yana yi. Ya ce yana tuna tana da saurin tafiya, kuma tana yawan dariya. Fuskar kam, shekaru sun yi yawa.

Inna ta shigo ɗakin, karo na farko tun ranar da ta fita. Ta danna da kanta kaset ɗin ya fito, ta juya shi a hannu, ta miƙo mini.

"Ɗauki abinki, 'yar nan. Ba kowa a ciki."

Yana nan a ƙasan akwatina, ban ƙara sa shi ba, na san fumfuna ta gama da shi. Haushin ya daɗe da tafiya, kewar ce ta ƙi. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabari fiye da yadda ya haskaka mana ɗakin nan, ya haɗa shi da ƙanwarsa ya gan ta ido da ido ya huta da nema. Allah ya jiƙan uwata, ko yaya kamanninta suke. Ita kuma baiwar Allahn nan ta hayin teku, da ta fito kasuwa da kwanonta wata rana ta waiwaya, ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma duk sadakar da na yi da ita a ciki. In ta bar 'ya'ya a can ƙasarsu, su yafe mini, na shiga rabonsu. Har yau in na rufe ido na ce Umma, ita ce ke juyowa.